Daga hawa suri zuwa dish a kan rufi

Kafin 2001, mutumin Ajingi da ke da saƙo zuwa Kano sai ya damƙa wasiƙa a hannun direban motar da ke bi ta Gaya da Wudil. Wayar NITEL ta 'yan birni ce. Tun 1971 Najeriya ke magana da waje ta tauraron ɗan Adam daga tashar Lanlate a ƙasar Oyo, amma manomin gero bai san ana yi ba.

A Agustan 2001 MTN da Econet suka kawo wayar GSM. Ƙarafan sabis suka bi kwalta da manyan garuruwa, ƙauyukan lungu suka samu ragowa. Har yau ina ganin wani dattijo a idona, tsaye kan suri a bakin gona, waya sama, yana cewa, "Ɗana, kana ji na? Ɗaga murya!"

Gwamnati ta sa rai da sama. An harba tauraron sadarwa NigComSat-1 daga China a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar farantan hasken ranarsa. NigComSat-1R ya gaje shi a Disamban 2011. Irin waɗannan suna can nisan kilomita kusan 36,000, shi ya sa magana ke jinkiri kafin ta dawo. Ga damina kuma: hadari na haɗowa daga gabas, hoton ƙwallo a gidan kallo sai ya daskare, domin ruwan sama yana raunana siginar.

Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023, karon farko a Afirka. Taurarinsa na shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, jinkirin ya ragu ƙwarai. Sai dai kuɗin kayansa dubban ɗaruruwan naira ne, ga biyan wata-wata, ga buƙatar wuta. Wannan ne ke damuna, domin mai POS a kasuwar ƙauye har yanzu ɗaga na'urarsa yake yi yana neman sabis, mai awaki na tsaye yana jiran kuɗinsa.

Ni a ganina gida ɗaya ba zai iya ba, amma gari zai iya. A kafa dish ɗaya da sola a asibitin sha-ka-tafi ko makaranta, a raba sabis har kasuwa, a kuma ɗauki yaron da zai riƙa goge ƙurar hunturu daga farantan kowace safiya.