Karo-karon Sallama: Darasi Daga Kakuri

Wannan makon mun leƙa Kakuri, kudu da kogin Kaduna, inda aka buɗe masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardauna. Masaƙun Arewa da UNTL suka biyo baya, unguwar ta cika da dubban ma'aikata.

A irin wannan zama, idan dattijo zai ajiye aiki, abokan aikinsa kan yi karo-karo su saya masa shadda ko agogon bango. Tamkar bikin iyayenmu mata ne: ka yi wa wani yau, a yi maka gobe.

Sai dai goben ba ta zo wa kowa ba. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Waɗanda suka yi shekaru suna zubi domin wasu, suka fita ba walima ba tukuici. Ma'aikatan KTL da dama ma sun rasu suna jiran kuɗin sallamarsu.

Shi ya sa muke ganin karo-karo alheri ne, kada a mayar da shi haraji. Mai hali ya bayar, marar hali kada a kunyata shi. Haƙƙin mai ritaya kuwa yana wuyan wanda ya ci guminsa.