Yadda ake gane haƙoran da aka yi wa ɓawon tangaran

Ba kowane farin haƙori da ake gani a bakin 'yan wasan kwaikwayo da 'yan ƙwallo ne halitta ba. Da yawa daga cikinsu wani siririn ɓawo ne, wanda likitoci ke kira biniya, da ake mannawa a fuskar haƙori domin a rufe tabo, ko karaya, ko a toshe wushirya, wadda a ƙasar Hausa ado ce amma a ƙasashen Yamma wasu ke biyan kuɗi a kawar musu da ita.

Wani likitan haƙori a jihar Kalifoniya ta Amurka, Charles Pincus, shi ne ya ƙirƙiro wannan dabara a 1928 saboda 'yan fim na Holiwud. A lokacin, na ɗan lokaci ake manna shi, a ɗauki fim a cire.

Sai a farkon shekarun 1980 aka gano hanyar kankare tangaran da sinadari yadda zai kama haƙori ya zauna daram.

A yau iri biyu ne suka fi yawa: na tangaran, wanda kaurinsa yakan kasance kusan rabin milimita kuma yakan kai shekara 10 zuwa 15, da kuma na wani ƙullin roba da ake daskarar da shi da hasken fitila, wanda ya fi araha amma ya fi saurin lalacewa.

Launi da haske

Alama ta farko ita ce launi. Haƙorin halitta ba launi ɗaya ne da shi ba daga sama har ƙasa.

Kusa da dasashi yakan yi ɗan rawaya-rawaya, saboda a nan farin ɓawonsa na asali ya fi siranta, launin ƙashin da ke ciki yana lekowa. A can bakinsa kuwa haske na ratsa shi, har ya yi kamar toka-toka.

Haka kuma fiƙa takan fi haƙoran gaba duhu. Idan aka ga haƙora takwas ko goma a jere, launinsu ɗaya tas kamar an shafe su da alli, kuma haske ba ya ratsa bakinsu, to akwai alamar hannun likita.

Sau da yawa ma haƙoran sama kawai ake yi wa aikin, don haka bambanci kan fito idan mutum ya yi dariya haƙoransa na ƙasa suka bayyana.

Shekaru ma kan tona asiri. Goro da shayi da taba suna rina haƙorin halitta, amma da wuya su kama tangaran, sai a wayi gari na kusa sun yi ja shi kuwa yana nan fari. Na roba shi kam yana rinuwa, musamman a gefe-gefensa. Maganin ƙara wa haƙori fari kuma ba ya aiki a kan ko wannensu.

Siffa da dasashi

Haƙorin halitta yana da 'yan layuka da ƙananan kwari a fuskarsa, kuma da wuya a samu biyu da suka yi daidai sak. Aikin da ba a ƙware ba kan fito sumul, mai faɗi, ya ɗan yi tudu har ya turo leɓe.

Wurin da ɓawon ya haɗu da dasashi shi ne likitoci suka fi dubawa. Idan dasashi ya ja da baya, siririn layi kan bayyana, idan kuma ɓawon ya yi kauri a wurin, dasashin kan yi ja ya kumbura.

To amma duk waɗannan alamu na aikin da bai yi kyau ba ne. Wanda ƙwararre ya yi, ya jera launuka a cikin tangaran ɗin, ko likita sai ya duba bayan haƙorin da madubi ko ya ɗauki hotonsa kafin ya tabbatar.

Ɓawo ko hula?

Bayan haƙori ne ke raba biniya da hular haƙori, wadda ke rufe shi gaba da baya kamar yadda haƙorin Makka ke yi.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa manna biniya kan ci kashi 3 zuwa 30 cikin ɗari na haƙori, yayin da hula ke cin kashi 63 zuwa 72.

A shekarun baya-bayan nan likitoci a Birtaniya sun sha kokawa kan matasan da ke zuwa Turkiyya neman aiki mai araha, suna zaton biniya aka yi musu, daga baya su tarar an fiƙe musu lafiyayyun haƙora an sa musu hula.

Abin da aka kankare daga haƙori ba ya sake tsirowa, saboda haka wanda aka yi wa zai ci gaba da sauya rufin duk lokacin da ya tsufa ko ya fashe.