Na'urar Auna Tazara Mai Igiya: Tsarin Aikinta da Tushen Kuskuren Awonta

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda na'urar auna tazara mai igiya take mayar da motsi na miƙe zuwa saƙon lantarki. Ta nuna cewa ingancin awon ya fi rataya a kan naɗin igiyar da yadda aka girka na'urar fiye da ƙwarewar ɓangaren lantarkinta.

Gabatarwa

An fara amfani da wannan na'ura a shekarun 1960, wajen gwajin jiragen sama, domin bibiyar motsin sassan fukafukai. A yau ana samun ta a injinan ɗaga kaya, da lif, da ƙofofin madatsun ruwa, da gadajen tiyata. Kamfanoni irin su Micro-Epsilon da ASM a Jamus, da Celesco a Amurka, sun yi fice wajen ƙera ta, daga mai auna milimita 50 har mai kai wa mita 50.

Yadda Take Aiki

Sassanta huɗu ne: siririyar igiyar ƙarfe marar tsatsa, da kwarkwaron da take naɗuwa a kai, da sifirin, da ma'aunin juyi. Ana maƙala bakin igiyar a jikin abin da ke motsi, a ɗaure gidan na'urar wuri guda. In abin ya yi gaba, igiya ta warware, kwarkwaro ya juya. In ya dawo, sifirin ya naɗe ta, kamar tef ɗin magina. Ma'aunin juyin kan kasance fotenshiyomita, mai sauya ƙarfin lantarki gwargwadon juyi, ko enkoda, mai ƙirga juyin daki-daki. Saƙon kan fita tsakanin bolt 0 da 10, ko miliyamfa 4 da 20.

Lissafin bai da wuya: tazara ita ce kewayen kwarkwaro sau yawan juyi. Idan kewayen milimita 200 ne, enkoda kuma tana raba juyi ɗaya gida 4,096, kowane taki bai kai milimita 0.05 ba. Wannan adadi shi ke ruɗar mai saye, domin ƙanƙantar taki daban, gaskiyar awo daban.

Inda Kuskure Yake Shigowa

Lissafin can ya ginu a kan cewa kewayen ba ya canzawa. Shi ya sa ake tilasta wa igiyar ta kwanta sahu ɗaya, zagaye kusa da zagaye. Da zarar ta hau kan 'yar'uwarta, faɗin naɗin ya ƙaru da ninki biyu na kaurinta. Ga igiya mai kaurin milimita 0.5, kowane juyi zai ɗauki ƙarin kusan milimita 3.1, wato kashi 1.6 cikin ɗari na kewayen milimita 200 ɗin nan, alhali enkoda tana ci gaba da ƙirgarta ba tare da ta san abin da ya faru ba. Abin da kan jawo haka shi ne sakin igiya ta koma da gudu, ko motsin da ya fi ƙarfin sifirin har igiyar ta yi sako-sako.

Sai karkata. Na'urar tsawon igiya take aunawa, ba tafiyar abin ba. Idan igiyar ta kauce wa layin motsi da digiri 3, bambancin kashi 0.14 ne cikin ɗari; a digiri 10 kuwa ya haura kashi 1.5. Bugu da ƙari, igiyar da ta karkata tana gogar bakin mafitarta har ta ci. Inda babu hanya miƙaƙƙiya, gara a bi da ita ta kan ƙaramin gargare.

Zafi ma yana da nasa. Ƙarfe marar tsatsa yana miƙewa da kimanin milimita 0.016 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya na Salshiyas. Igiyar mita 10 da ta sha sauyin digiri 20, kamar tsakanin asubahi da azahar a lokacin hunturu, za ta ƙaru da milimita 3.2. A injin ɗaga kaya wannan ba komai ba ne, amma a ɗakin gwaji ba a kau da kai daga gare shi. Doguwar igiyar da aka ja a kwance kuma takan yi ciki saboda nauyinta, iska ma ta kaɗa ta, don haka ya kamata a daidaita na'urar da ma'auni tabbatacce bayan an girka ta a mazauninta, ba a kan tebur ba.