A-kori-kura, Shata da Balas: Bakin Tasha Ga Sabon Mai Mota

Duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa a Rano ko Kibiya ya ce zai sayi motar ɗaukar kaya, tambayar farko da za a yi masa ita ce, wace iri? Amsar kuma ba ta cikin takardar kamfani. Da wuya ka ji an ce Daihatsu ko Mitsubishi. Kurkura za a ce, ko kanta, ko J5, ko a-kori-kura, kuma da jin sunan mutanen tasha sun san kayan da za ka ɗauka, da hanyar da za ka bi, da wanda zai biya ka.

A-kori-kura ita ce babbar yaya. Kurar da ake nufi ba ta daji ba ce, ba kuma garin Kura ba ne. Amalanken nan ne da 'yan dako ke turawa da ƙarfin ƙirji. Da ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya ta shigo kasuwa, tana kwashe a sawu ɗaya abin da kura za ta wuni tana jigila, sai mutane suka raɗa mata suna da umarni sukutum. Bahaushe na son irin wannan suna, shi ya sa fitila ta zama a-ci-balbal, babur mai ƙafa uku ya zama a-daidaita-sahu, ya gaji sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Fijo 404 ce ta fi riƙe sunan a-kori-kura, daga baya 504, musamman bayan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Abin dariyar shi ne umarnin bai ci ba. Je ka kasuwar Singa ko Kantin Kwari yau, kura na nan tana ta kutsawa lungunan da mota ba ta shiga, 404 kuwa sai an tona. Wadda ta gaje aikinta ita ce kurkura, 'yar mitsitsiyar motar Japan da ke ɗauko buhunan taki da katan-katan na taliya daga Kano, ta biyo ta Bunkure ta sauke a Rano, ta ƙarasa Kibiya da Tarai.

Kanta kuwa sunan ƙirar Canter ne na kamfanin Mitsubishi, bakinmu ya lanƙwasa shi, har ya zama duk motar da ta fi a-kori-kura ba ta kai tirela ba kanta ce, ko wane ne ya ƙera ta. Haka Hiace ta zama hayis.

Amma motar gaggawa ta gaskiya a wannan yanki ita ce J5. Peugeot ya fara ƙera ta a 1981, ya maye gurbinta da Boxer a 1994, ga shi har yau mai rufaffen jiki irin wannan, ko Boxer ce ko Ducato, J5 ake ce mata. Dalilin da ya sa ta samu gindin zama a nan shi ne ruwan Tiga. Tun da aka gama madatsar a 1974 aka buɗe noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, tumatir da tattasai da albasa suka zama kayan da ke neman mota, kuma tumatir ba ya jira. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan da yamma a tsakiyar kakar tumatir ya ga yadda ake yi: a jera kwanduna a ƙasan motar, kowanne an rufe bakinsa da busasshiyar ciyawa ko takarda an ɗaure da igiya, a gitta katako a kai don na sama kada ya danne na ƙasa, a sake jera wani sahun, har ƙofar baya ta ƙi rufuwa sai an ɗaure ta. Direba na tsaye yana duban tayoyin baya yana lissafin yadda suka kwanta. Tafiyar Legas kimanin kilomita 1,000 ce, kuma da dare ake son a ci yawancinta, saboda rana na dafa kayan tun kafin su ga kasuwar Mile 12.

Har ƙwaro ma ya samu suna daga tasha. Tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a 2016, manoman Kano sharon suke ce mata, sunan motar fasinjar nan ta Volkswagen da ta yi ƙaurin suna wajen gudu. A ganina ba a taɓa yi wa wata mota shaidar da ta kai wannan muni ba.

Sunayen motoci ke nan, kuma wasa ya fi yawa a cikinsu. Inda sabon shiga ke shan wuya shi ne kalmomin kuɗi. Tsofaffin cikinsu sun girmi mota. Sufuri shi ne ɗaukar kayan wani a kan lada, tun ana yinsa da jaki da takarkari da raƙumi, tun fatake na fita da baƙin rini daga ƙasar Rano, wadda tarihin Hausa Bakwai ya san ta da baba. Dako na kai ne da kafaɗa, jigila kuwa kai-komo ne a gajeren zango. Waɗannan ba sa ruɗa kowa. Na aro su ne masu santsi, domin mun karɓo su daga Turanci mun ba su ma'anar da masu harshen ba su san ta ba.

Ɗauki lodi da shata. Motar lodi tana bin layi a tasha, tana jiran kayan mutum biyar ko goma su cika ta, kowa ya biya kuɗin buhunsa ko kwandonsa. Shata kuwa mutum ɗaya ne ya ɗauke motar gaba ɗaya, ko kayansa sun cika ta ko ba su kai rabi ba, ya ce a tashi yanzu. Kalmar daga Turanci ta zo, amma ta yi sa'a ta tarar da tamu ta gida, shata iyaka, kuma sun dace: an shata wa motar aiki ɗaya, ba ta tsayawa ɗaukar na kowa. Abin da mai shata ke saya shi ne rashin jira. Mai injin casar shinkafa da wani ƙarfe ya karye masa yana da buhuna jibge, ko mai gidan kaji da abinci ya yanke masa, ko dillalin da ya ji farashi ya tashi a 'Yankaba da asuba, ba arha suke nema ba.

A Amurka irin wannan shatar ta gaggawa sana'a ce mai zaman kanta. Mutum ya sayi mota irin Sprinter, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin da ke samo masa aiki, a biya shi gwargwadon mil ɗin da ya yi da kaya. Masana'antun motoci ne suka raya ta, domin ba sa tara sassan haɗa mota a sito, kuma ƙarfe ɗaya ya makara layin ƙira ya tsaya. Kukan direbobinsu irin namu ne: mil ɗin da aka yi babu kaya ba mai biya. A nan cewa ake yi an dawo emti. Sabon mai mota yakan ji kuɗin shata zuwa Abuja ya yi murna, bai tambayi kansa wa zai sayi man dawowa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan tambaya ce ke raba mai riba da mai sayar da mota bayan shekara.

Shi ya sa ɗan kamasho ya fi ƙarfin raini. Kamasho da la'ada kusan abu ɗaya ne, sai dai la'ada ta dillalin kasuwa ce, kamasho na tasha. Shi ya san wanda ke da kaya a Dawanau da ke neman motar kudu, shi zai kira takwaransa a can ya ce ga motarmu nan tafe, a nema mata na dawowa. Za ka ji sabon mai mota na cewa, "Haba Malam, ni da motata, ni da maina, kai me ka zuba?" Shi kuma ya ce, "Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Ga tasha nan, ka nemi kayan da kanka." Kwana biyu motar na fake a inuwa, Alhaji zai aika a kira shi. Bayansa kuma akwai yuniyan, wato ƙungiyar NURTW da aka kafa a 1978, mai yankar tikiti da tsara layi. Masu motocin su ma suna da tasu, irin NARTO da RTEAN, amma mai kurkura ɗaya da yuniyan ɗin tasharsu zai fi cuɗanya.

Kalmar da ta fi kowace haɗa faɗa ita ce balas. A Turanci ragowa take nufi, abin da ya saura bayan an cire kashe-kashe. A tasha ta juye: balas shi ne kuɗin da aka yanka direba zai kawo wa mai mota kullum ko duk mako, an samu aiki ko ba a samu ba, abin da ya haura nasa ne. Wato ba ragowa ba ce, ita ce farkon abin da ake cirewa. Mai motar da ya ɗauka ma'anar farko ake nufi zai ga kamar ana cutarsa ranar da aka samu shata mai tsoka. Direban da aka ɗora wa balas mai nauyi kuwa zai fanshe a jikin motar, da obalodi da gudu da tsallake juyen baƙin mai. Shi kansa "mai mota" suna ne mai fuska biyu. Fasinja na kiran duk wanda ke riƙe da sitiyari mai mota, a tasha kuwa mai mota shi ne wanda takardu ke ɗauke da sunansa, ko da bai iya tuƙi ba. Wanda ya haɗa biyun, yana tuƙa abarsa, ya huta da rigimar balas, amma barci da iyali za su biya.

Wabil sabuwa ce a bakin jama'a. Asalinta takardar da ke bin kaya ce, mai nuna mai aikawa da mai karɓa da adadi. Yanzu ta zama aikin kansa: mai sayar da atamfa a WhatsApp za ta ce za ta yi miki wabil, ma'ana za ta ba direba saƙo a tasha ta turo miki lambarsa, sau da yawa ba ko guntuwar takarda. Ga mai aika ƙunshi ɗaya ba laifi. Ga wanda ya ɗauki kayan miliyoyi, ranar da jami'i ya tare shi a hanya, ko mai karɓa ya ce kwali biyu sun ɓace, tsohuwar ma'anar zai nema.

Yaron da ke bin motar an fi ce masa yaron mota yanzu, domin karen mota ta fara yi wa matasa ɗaci, ko da yake gadin da sunan ke nufi har yau shi ke yinsa. Daga hannunsa muka samu waigi, guntun katakon da yake cusawa bayan taya a kan gangare, har ya zama mutumin da ba ya jin kwaɓa a ce ba shi da waigi.

Idan kana shirin sayen motar ɗaukar kaya, kafin ka biya kuɗi ka samu tsohon direba a tashar Rano ka zauna da shi. Ka tambaye shi nawa ne kamasho a hanyar da kake so, wa ke ba da kayan dawowa, kuma idan za ka ba wani tuƙi, a faɗi abin da balas ya ƙunsa a gaban shaidu, har da wanda zai sayi taya.