Ranar Lahadin cike fom a jihar Indiyana

A shekarar 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya rattaba hannu kan dokar ilimi mai zurfi ta Amurka, wadda ta tanadi tallafi da rance ga ɗaliban jami'a. A 1972 aka ƙara da tallafin da yau ake kira Pell, domin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai kafin a kai ga kuɗin, dole a cike dogon fom mai tambayar haraji da samun iyaye, kuma gidan da bai taɓa fitar da ɗan jami'a ba shi ya fi shakkar wannan takarda.

A 1989 jami'an tallafin ɗalibai na jihar Indiyana suka baro ofisoshinsu. Da gudunmawar gidauniyar Lilly, suka ware wata Lahadi suka zauna da iyalai, ana cike fom tare, kyauta. Shirin, mai suna College Goal Sunday, ya bazu zuwa jihohi da dama da tallafin gidauniyar Lumina.

Majalisa ta daɗe da ware kuɗin. Abin da talaka ya rasa shi ne amintaccen mutum a kusa da gida, wanda uba zai nuna wa takardar harajinsa ba tare da jin nauyi ba.