Darasin Udoji: Ƙarin Albashi da Himmar Ma'aikaci

A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukuma ƙarƙashin Jerome Udoji domin ta sake duba tsarin aikin gwamnati. Rahoton da ta miƙa a 1974 ya ƙunshi manyan abubuwa biyu: sabon tsarin albashi, da sabuwar hanyar tafiyar da aiki inda za a yanka wa kowane ma'aikaci abin da ake so ya cim ma, sannan a auna shi da shi. Gwamnati ta rungumi na farko, ta biya ƙarin har da ariyas. Kuɗin mai na shigowa, ma'aikata suka cika kasuwa, farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo. Na biyun kuwa bai yi nisa ba. Fom ɗin auna ƙwazo da ake cikawa duk shekara ya zama al'ada kawai, kusan kowa maki mai kyau yake samu.

Wannan ba zai ba masani Frederick Herzberg mamaki ba. A binciken da ya wallafa da abokan aikinsa a 1959, bayan tattaunawa da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a Pittsburgh ta Amurka, ya nuna cewa abin da ke sa ma'aikaci ƙorafi daban yake da abin da ke sa shi himma. Albashi da yanayin ofis da dokokin ma'aikata suna rukunin farko: idan sun lalace mutum zai fusata, idan an gyara su zai yi shiru, amma shirun ba ƙwazo ba ne. Ƙwazo yana zuwa ne idan an danƙa wa mutum amana, an yaba masa, kuma ya ga hanyar ci gaba a buɗe. An soki yadda Herzberg ya tattara bayanansa, kuma sukar na da tushe, domin ɗan Adam yakan jingina nasara ga kansa, ya ɗora gazawa kan wani. Duk da haka abin da ya biyo bayan Udoji ya ba shi gaskiya.

Korar da gwamnatin Murtala ta yi wa ma'aikata fiye da 10,000 a 1975 ta ƙara dagula lamarin. Wanda ya ga an sallami na gaba da shi ta gidan rediyo ya koyi cewa tsira tana cikin kame hannu. “Sai oga ya zo” da “dawo gobe” kalaman mai tsoron yanke shawara ne, ba lallai na raggo ba.

Oga ɗin ne ma jigon maganar. Kamfanin Gallup ya ƙiyasta cewa a 2024 kashi 21 cikin ɗari ne kacal na ma'aikatan duniya zuciyarsu ke kan aikinsu, kuma ya daɗe yana cewa kusan kashi 70 na bambancin himma tsakanin rukunin ma'aikata daga shugabansu na kusa yake. A ofisoshinmu kuwa shekaru ne ke kai mutum kujerar shugabanci, wani lokaci uwa a gindin murhu, ba tare da an koya masa sauraren na ƙasa da shi ba.

Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 haƙƙi ne, kuma wajibi ne a biya shi a kan lokaci. Amma muddin mai ƙwazo da mai sa hannu a rajista ya ɓace za su samu ƙarin girma rana ɗaya, rabin rahoton Udoji na nan ba a aiwatar ba.