Goron Gwanja Da Gahawar Da Aka Cire Wa Ƙarfi

Masu iya magana na cewa abincin wani gubar wani. Abin da kakanninmu suka sha wahalar tafiya Gwanja dominsa, shi ne Turawa suka ɓata shekaru suna neman dabarar raba shi da gahawa.

Tarihin Kano ya nuna an buɗe hanyar Borno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438-1452). Daga baya fatake, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suka riƙa kora jakuna wata da watanni zuwa Salaga, su dawo da goro kasuwar Kurmi. Malami mai nazarin dare da mai ɗinkin riga duk da shi suke korar gyangyaɗi.

Abin da ke hana barci a goro shi ne ke cikin gahawa, wato sinadarin kafeyin. Wani Bajamushe, Friedlieb Runge, shi ya fara ware shi wajen 1819. Amma sinadarin ba kowa yake ƙauna ba: wani faɗuwar gaba yake sa shi, wani ya kwana ido biyu. Don haka a 1906 Ludwig Roselius, ɗan kasuwar Bremen, ya kafa kamfanin Kaffee HAG mai sayar da gahawar da aka cire wa shi.

Yaya ake yi? Tun 'ya'yan suna ɗanye, kafin a soya, ake turara su har su kumbura, sannan a wanke da wani sinadari mai jan kafeyin. Roselius da benzin ya fara, aka daina da aka gane gubarsa. Yau wasu ruwa zalla suke jiƙa su da shi a tace da gawayi, wasu iskar kabon da aka matsa. Akan cire kimanin kashi 97 cikin ɗari.

Ɗanɗano fa? Ɗacin yakan ragu, ƙanshin yakan ɗan dusashe, domin wankin yana tafiya da wani abu nasa.

Shi goro har yau ana taunarsa yadda Allah Ya yi shi, dattijon da likita ya hana kuwa sai haƙuri. Ya kamata marubutanmu su tuntuɓi tsofaffin 'yan goro na cikin birni, su rubuta abin da suka ji daga bakin madugai, tun ƙasa ba ta rufe idanunsu ba.